Albaniya: Arahar da ta jawo miliyoyin masu yawon buɗe ido ta fara ja da baya

Ƙasar Albaniya, wadda har zuwa shekarar 1990 ba a shigarta ba a fita daga cikinta sai da izinin hukuma, ta karɓi baƙi ƴan ƙasashen waje miliyan 11.7 a shekarar 2024, bisa alƙaluman hukumomin ƙasar. A 2019 baƙin ba su wuce miliyan 6.4 ba. Ƙidayar jama'a ta 2023 kuwa ta nuna cewa mazauna ƙasar miliyan 2.4 ne, wato baƙin da suka shigo a shekara guda sun kusa ninka ƴan ƙasa sau biyar.

Waɗannan alƙaluma na ƙirga duk wanda ya tsallako iyaka ne, kuma kaso mafi girma na fitowa daga maƙwabciyarta Kosobo, inda ake magana da harshe ɗaya. Duk da haka, ƙaruwar ƴan Italiya da Jamus da Faransa da Ingila a bayyane take. Abu biyu ne ke kawo su: sauƙin rayuwa idan aka kwatanta da Girka ko Italiya ko Kuroshiya, da kuma duwatsu da koguna da gaɓar teku da gine-ginen zamani ba su cinye ba. Dukansu biyu gadon talauci da kulle ne na zamanin gurguzu, kuma cunkoson baƙin da ake murna da shi ya fara taɓa su.

Duwatsun da tsoro ya tsare

Enver Hoxha, wanda ya mulki ƙasar daga 1944 har mutuwarsa a 1985, ya ɓata da Yugoslabiya a 1948, da Tarayyar Sobiyet a 1961, sannan da Sin a 1978. Ya cika ƙasar da ƙananan ɗakunan ɓuya na kankare sama da 170,000 domin jiran harin da bai taɓa zuwa ba. An haramta wa mutane mallakar mota, an kuma mayar da yankunan kan iyaka wuraren soja, inda ake harbin duk wanda ya yi yunƙurin tserewa. Bayan rushewar mulkin a farkon shekarun 1990, jama'ar ƙauyukan kan tudu suka yi ta kwarara zuwa Tirana da Shkodra, ko Girka da Italiya. Rikicin 1997, wanda ya biyo bayan durƙushewar kamfanonin ajiyar kuɗi na damfara, ya ci rayukan mutane kimanin 2,000, ya kuma ƙara tsorata masu zuba jari na tsawon shekaru.

Sakamakon haka, tsaunukan arewa, waɗanda mutanen wurin ke kira La'anannun Duwatsu, suka kasance kusan yadda aka gada. Ƙololuwarsu, Jezerca, tana da tsayin mita 2,694. Hanyar ƙafa mafi shahara ita ce wadda ta haɗa ƙauyen Theth da kwarin Valbona, tafiyar kimanin kilomita 17 da ke ratsa wata mashiga mai tsayin kusan mita 1,800, kuma mai matsakaicin ƙarfi kan yi ta cikin sa'o'i shida zuwa takwas. Mafi yawan baƙi kan taso daga Shkodra, su hau jirgin fito a tafkin Koman, wanda madatsar ruwa ta zamanin gurguzu ta samar, su kwana a Valbona, washegari su tsallaka Theth a ƙafa. Masu dogon zango kuma suna bin turbar da ake kira Ƙololuwan Balkan, mai tsawon kilomita 192, wadda ke zagayawa ta Albaniya da Kosobo da Montenegro, a kan iyakokin da a da kusantarsu kan jawo mutuwa.

Wannan harka da iyalan ƙauye ta fara. Tun cikin shekarun 2000, da taimakon hukumar raya ƙasashe ta Jamus, wasu magidanta a Theth suka gyara gidajensu na dutse suka mayar da su masaukin baƙi. Baƙo ya kwana a gidan, ya ci burodi da cuku da zuma da ƙwai na gidan, wani ɗan gidan ya ɗora masa kaya a kan doki ko alfadari. Kuɗin bai bi ta hannun wani babban kamfani ba. Karrama baƙo kuma tsohuwar ƙa'ida ce a dokar gargajiya ta yankin, wadda ake kira Kanun, ko a ƙauyukan Katolika irin Theth ko a na Musulmi irin na ɓangaren Valbona. Iyalai da dama da suka yi ƙaura sun koma buɗe gidajensu a lokacin zafi, daga Yuni zuwa Satumba, kafin dusar ƙanƙara ta rufe mashigar.

Abin da ke cin arahar

A 2021 aka kammala shimfiɗa kwalta a kan hanyar Shkodra zuwa Theth, abin da ya ba ƙananan motoci damar isa ƙauyen da a baya sai motar da ta saba da duwatsu. A ɗaya gefen, kamfanonin jiragen sama masu arahar tikiti irin su Wizz Air da Ryanair sun yawaita zirga-zirga zuwa Tirana, har filin jirgin saman birnin ya haura fasinja miliyan 10 a 2024.

Kuɗaɗen waje da suka shigo sun ɗaga darajar lek, kuɗin ƙasar. A 2021 ana canza yuro ɗaya a kan lek sama da 120. Zuwa 2024 ya sauko wajen lek 100. Ke nan ko da mai masauki bai ƙara ko sisi a kan farashinsa ba, baƙon da ya zo da yuro zai biya kusan kashi 20 cikin 100 fiye da da. Kuma an ƙara farashin, musamman a garuruwan bakin teku na kudu irin su Ksamil da Saranda, inda ƴan ƙasar da kansu ke kokawa cewa hutu a gida ya fi ƙarfin aljihunsu. Masu masaƙu da masu ɗinka takalma don fitarwa zuwa Italiya, waɗanda ake biya da yuro su kuma biya albashi da lek, su ma sun ji a jikinsu.

Akwai kuma ƙarancin ma'aikata. Tsakanin ƙidayar 2011 da ta 2023 jama'ar ƙasar sun ragu daga miliyan 2.8 zuwa 2.4, galibi saboda ƙaurar matasa. Otal-otal sun fara ɗauko ma'aikata daga ƙasashen Asiya irin su Filifin. Arahar da ta dogara ga ƙaramin albashi ba ta ɗorewa idan masu karɓar albashin suna da hanyar zuwa Jamus.

Wa zai ci moriyar?

Gwamnatin firaminista Edi Rama, wanda ke kan mulki tun 2013 kuma ya sake lashe zaɓe a watan Mayun 2025, ba ta ɓoye cewa baƙi masu kashe kuɗi da yawa take nema ba. Matakanta sun rabu gida biyu. A 2022 ta haɗe gandayen Theth da Valbona suka zama gandun ƙasa guda, sannan a watan Maris na 2023 ta ayyana kogin Vjosa a matsayin gandun ƙasa, irinsa na farko a Turai da aka keɓe wa kogin da ba a datse ba. Amma a farkon 2024 majalisar dokoki ta gyara dokar wuraren da aka keɓe ta yadda za a iya gina manyan otal-otal na alfarma a cikinsu. Ana gina filin jirgin saman Vlora dab da fadamar Narta, matattarar tsuntsaye masu ƙaura, duk da adawar ƙungiyoyin kare muhalli. An kuma ba wani kamfani mai alaƙa da Jared Kushner, surukin shugaban Amurka Donald Trump, matsayin babban mai zuba jari domin aikin da ya haura dala biliyan ɗaya a tsibirin Sazan, tsohon sansanin soja.

A Theth kuwa, cikin watan Yulin 2025, hukumomi sun rushe wasu gine-gine da ɗakunan katako da suka ce an yi su ba da izini ba. Gwamnati na da hujja, domin gine-ginen barkatai sun fara sauya kamannin kwarin, ga matsalar shara da ruwan ƙazanta a ƙauyen da ba a tanadar masa dubban baƙi ba. Masu gine-ginen kuma suna cewa filayen kakanninsu ne. Tushen rigimar tsoho ne: gurguzu ya ƙwace filaye ya mayar da su na gama-gari, dokar rabon filaye ta 1991 kuma ba ta samu karɓuwa sosai a arewa ba, inda iyalai suka koma kan tsofaffin iyakokinsu ba tare da takarda ba. Wanda ba shi da takardar fili ba ya samun izinin gini, ba ya kuma samun rancen banki. Babban mai jari kuwa doka ta musamman ce ke share masa hanya.

Albaniya ta fara tattaunawar shiga Tarayyar Turai a 2022, kuma Rama na fatan samun kujera nan da 2030. Dokokin muhalli na tarayyar za su tilasta a sake duba gyaran 2024 da ayyukan da ke bakin teku, kamar yadda batun mallakar fili ke cikin abubuwan da Brussels ta daɗe tana neman a warware. Idan iyalan Theth da Valbona suka samu takardun filayensu da ƙa'idar gini da ta hau kan kowa, ƙarin farashi ba zai kashe kasuwarsu ba, domin mai hawan dutse ba shi da wata Jezerca a wani wuri. Idan ba su samu ba, baƙi za su ci gaba da zuwa, amma ribar za ta koma hannun waɗanda ke da ƙarfin samun izini a Tirana.