Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza: kafin a ƙara wa kwamfutar wasa ram

A shagunan wasannin bidiyo na Garwa, da zarar hoto ya fara tsayawa, hukunci ɗaya ake yankewa: ram ya yi kaɗan, a sayo mai gudu. Matashi zai tara sefa na watanni, ya ba da sautu Duwala ko Kano, a kawo masa sandar da aka rubuta wa 3600, ya sanya, amma wasa bai sauya zani ba. Ina ganin wannan asara tana da magani, kuma maganin shi ne sanin na'ura kafin buɗe lalita.

Ram ita ce ƙwaƙwalwar wucin gadi da kwamfuta ke ajiye aikin da ke hannunta. Lambar da ke jikin kwalinta iyakar abin da za ta iya ce kawai. Mai yanke hukunci shi ne babban allon na'ura tare da firosesa. Sandunan DDR4 masu 3600 ba sa kai wa wannan gudu sai an kunna tsarin XMP a cikin BIOS, in ba haka ba su koma 2133 ko 2400. Kwamfutoci da yawa da ake sayarwa a haɗe, musamman na ofis irin su Dell OptiPlex da ake mayarwa na wasa, ba su da wannan ƙofa ko kaɗan. Haka kuma idan aka haɗa sanda mai sauri da mai nawa, dukkansu tafiyar mai nawa za su yi.

Sai batun zamani. DDR5 ta shigo kasuwa a 2021, tana farawa daga 4800, amma ba ta shiga ramin DDR4, domin tsagar jikinsu ba wuri ɗaya take ba. Allon AM4 na AMD ba ya karɓar DDR5, na AM5 kuma da ya fito a 2022 ba ya karɓar DDR4. Mai son sauya zamani sai ya sauya allo, wani lokaci har da firosesa.

To, yaushe ya dace a ƙara? Lokacin da na'urar da kanta ta nuna buƙata. A buɗe Task Manager ana tsakiyar wasa. Idan ram ta kusa cika, ƙari ya wajaba, kuma tashi daga giga 8 zuwa 16 ya fi kowace lambar gudu amfani. Sanduna biyu iri ɗaya sun fi ɗaya babba, domin hanya biyu suke buɗewa. Idan kuwa akwai sauran wuri, laifin yana wani gun: katin hoto, tsohon faifan ajiya, ko zafi.

Wanda ya san zafin Garwa na Maris da Afrilu da ƙurar hunturu ya san firosesa na rage gudu idan ya ɗumama. Wutar da ke zuwa daga madatsar Lagdo kuma takan ɗauke idan ruwan Binuwai ya ja baya. Share ƙura da sayen na'urar daidaita wuta sun riga ram a layi.

Tun ƙarshen 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabo, saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe ta. A irin wannan kasuwa, kowace sefa ta cancanci tambaya ɗaya kafin ta fita: allona zai ɗauki abin da zan saya?