Masu karatun dokar tsaro su leƙa bakin iyaka

A Nuwamban 2019 hukumar kwastam ta hana kai fetur yankunan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, don daƙile fasa-ƙwauri. Ƙaramar hukumar Babura, inda Kanya Babba take, tana iyaka da Nijar, kuma irin wannan mataki ɗan acaɓa da mai injin niƙa yake fara taɓawa.

Sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati tsaro da walwalar jama'a a haɗe. Don haka ya kamata ɗaliban shari'a na Jami'ar Bayero su shiga ƙauyukan iyaka, su auna wa doka ta kare, wa ta ƙuntata. Cikinsu ake samun alƙalan gobe, kuma alƙalin da bai ga haka ba zai ɗauka kalmar tsaro ta halatta komai.