Gargaɗi Ga Masu Ba Da Kwangilar Sharar Maƙabarta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta.

Bayan haka, ya ku malamai da attajiran Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, kun san ƙasarmu ta fi arewacin Kano samun ruwa. Kafin kaka gamba da ƙyasuwa sun rufe maƙabartunmu, har mai ziyara ba ya gane kabarin mahaifinsa. A da gayya ake yi, kowa da laujensa. Yanzu kuwa sau da yawa kuɗi ake tarawa a ba ɗan kwangila. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne a biya shi ba a duba aikinsa ba.

Na gani da idona a wata maƙabarta, lebura sun cinna wa ciyawa wuta don su huta da yanka, suka tara duwatsun alama a gefe kamar shara. Alhali kabarinmu da itace ko tukwane ake rufe shi, sa'an nan a zuba ƙasa. Tudun ya ƙone ya yi tsirara, aka tattake shi, da ruwa ya sauka sai ya rufta. Wata tsohuwa ta aiko jikanta ya nemi kabarin mijinta, ya koma bai same shi ba.

Dutsen nan ba wasa ba ne. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da hannunsa ya ajiye dutse wajen kan kabarin Usmanu ɗan Maz'unu domin ya riƙa gane shi. Malamanmu na Malikiyya sun karhanta gini a kan kabari, amma sun halatta alama ta dutse ko itace. Kuma a babin ijara sun tabbatar da cewa wanda aka ɗauka aiki, in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, ramuwa ta hau kansa.

Ku fatake, wane ne cikinku ke biyan kuɗin kaya bai kwance ɗauri ba? In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Saboda haka ga shawarata. A rubuta sharaɗi gaban dagaci da liman: ba wuta, ba shiga da mota, yanka da lauje kaɗai, kuma kada a gusar da alama ko ɗaya. Masu haƙar kabari su tsaya a kan aikin, don su suka san makwancin kowa. A riƙe rabin kuɗi sai an zagaya an gani. Wanda ya ɓata ya gyara da kuɗinsa, kada a sake ba shi. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗora kula da maƙabartu a wuyan ƙananan hukumomi, to su ma su bi wannan hanya.

Mamaci ba ya kai ƙara. Mu ne bakinsa yau, gobe kuma mu ne a kwance. Allah ya jiƙan magabata, ya sa mu cika da imani. Haza wassalam.