Ra'ayinmu: Ina Za Su Bayan Aji Shida?

Da wuya a sami malami a wannan reshe namu wanda bai taɓa riƙe ɗalibi mai raunin fahimta ba. Yana zaune a ƙarshen aji, shekara na bin shekara, ana ciyar da shi gaba don kunyar iyayensa. Ranar da ya fita aji shida kuwa, sai zancensa ya mutu. Wani ya koma gindin bishiya yara na tsokanarsa, wata a kulle ta a ɗaka.

Dokar hana wariya ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har sakandare. A Amurka, tun dokar ilimi mai zurfi ta 2008 kwalejoji ke karɓar irin waɗannan matasa suna koya musu sana'a da zaman kai. Mu ma ba mu rasa wurin farawa ba: ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a Bichi, ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta. Gajeren horo kan kiwon kaji, turkar tumaki da renon dashe ba zai gagare su ba.

Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malami ya san tsarin koyarwa, amma uwa ce ta san abin da ke firgita ɗanta da kalmar da ke kwantar masa da hankali. Uba ne ya san cewa yaron da ya kasa haddace jadawali bai taɓa ɓatar da akuya ko ɗaya a kiwo ba. Duk shirin da ya tsallake wannan sani, a takarda zai ƙare.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa malamai: mu daina jiran iyaye a ofishin hedimasta. Maza mu sami uba a zaure, malamai mata su shiga wajen uwa. Kada a sa taro da damina, lokacin da kowa ke gona. A bari sai an yi kaka. Kwamitin gudanar da kowace makaranta ya ware kujera ɗaya ga mahaifin irin wannan yaro.

Kafin ƙarshen zango, kowane malami ya rubuta abin da ɗalibinsa ya iya, tare da iyayensa. Da waɗannan takardu reshe zai tunkari shugabannin kwalejojin biyu. Amana ce aka ba mu, kuma za a tambaye mu.