Sauri Ya Haifi Nawa

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya saba zagaya ɗakunan kwananmu da dare ya san wata sabuwar sana'a ta shigo cikinmu. Za ka tarar da samari uku ko huɗu sun duƙufa a kan kwamfuta ɗaya, suna kallon farashin dala da yuro da zinariya yana hawa yana sauka. Masu hankali daga cikinmu ba su zuba kuɗi kai tsaye. Sukan tsara dabara tukuna, wato ƙa'idar da za ta nuna lokacin saye da lokacin sayarwa, sa'an nan su ɗora ta a kan farashin shekarun da suka wuce, su ga da an bi ta riba za a ci ko hasara. Wannan shi ne gwajin baya. To, da zarar gwajin ya ɗauki awa biyu bai ƙare ba, sai ka ji an ce laifin kwamfuta ne, a sayo babba. Mu dai a ganinmu, wanda ya sayi babbar kwamfuta alhali bai san inda aikinsa ke cijewa ba, ya ɓarnatar da kuɗin da watakila na rajista ne, ko guminsa iyaye.

Mu fara da lissafi, tun da shi ba ya son kai. Kasuwar hannun jari takan buɗe kimanin kwana 250 a shekara. Mai gwaji da farashin rufewar kowace rana, shekara 10 layi 2,500 ne kacal ga kamfani ɗaya. Ko da ya tattaro dukan kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Legas, tsohuwar kwamfutar da ya gada wurin yayansa za ta gama da su kafin shayinsa ya huce. Kasuwar canjin kuɗi kuwa ba ta rufewa dare da rana, kwana biyar a mako. In ana ɗaukar farashi kowane minti, shekara ɗaya layi 374,000 ne, shekara 10 kuma kamar miliyan 3.7. Kowane layi na da lambobi shida, kowace lamba na cin bait 8, jimla kusan megabait 180. Bai kai nauyin fim ɗaya da muke tura wa juna ba. Sai mai bin kowane ɗan motsin farashi a kan kuɗaɗe da yawa, shi ne zai ga bayanansa sun kai gigabait barkatai.

Abu na farko da ya kamata a duba shi ne RAM, wato ma'ajiyar aiki. Ita kamar teburin ɗan tireda ce, faifan ajiya kuma shi ne sitonsa. In kaya suka fi ƙarfin tebur, dole kowane mai saye ya jira a je sito a dawo, komai zafin naman mai shago. Haka kwamfuta take in bayanai suka fi RAM yawa. Gigabait 16 ya ishi yawancin ayyukanmu. Shi kuma siton, tsohon faifai mai juyawa yakan karanta megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa, SSD na gama-gari kimanin 550, irin wanda ake kira NVMe kuwa yakan kai dubbai. Sauya waɗannan biyu a tsohuwar kwamfuta ya fi sayen sabuwa araha nesa ba kusa ba.

Na biyu shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar lissafi, wadda a yau ake gina ta da ƙwayoyi huɗu ko takwas ko fiye. A nan ne masu sayarwa suka fi ruɗa mu. Gwaji ɗaya kamar haƙar rijiya yake: mutum ɗaya ke shiga ƙasa, domin abin da dabara za ta yi ran Talata ya dogara ga abin da ta riƙe ran Litinin. Wannan ƙwaya mai sauri yake so, yawansu ba ya ƙara masa kome. Amma gwada dabara ɗaya da lambobi dabam-dabam har sau ɗari kamar gayyar noma ne, kowa ya kama kunyarsa, a nan yawan ƙwayoyi ke amfani. Tun 1967 wani masani ɗan Amurka, Gene Amdahl, ya nuna iyakar abin. In kashi 10 cikin 100 na aiki ba ya rabuwa, ƙwayoyi takwas ba za su ninka sauri sau biyar ba, kuma ko dubu aka tara ba za a wuce ninki goma ba. Har wa yau a duba manhaja. Sashen gwaji na MetaTrader 4 ƙwaya ɗaya yake amfani da ita, na MetaTrader 5 kuwa yana raba wa dukansu aiki.

Na uku shi ne katin zane, wanda ke sa kwamfutocin wasanni tsada. Yana da dubban ƙananan ƙwayoyi masu yin lissafi iri ɗaya a lokaci ɗaya, shi ya sa masu horar da ƙirƙirarriyar basira ke rububinsa. Dabarar da ke cike da sharuɗɗa, in kaza ya faru yi kaza, ba ta dace da shi ba, kuma sai an sake rubuta umarnin musamman dominsa. In ba a yi haka ba, yana nan zaune yana shan wuta a banza.

Saboda haka kafin a tafi kasuwa, a tayar da gwajin, a buɗe Task Manager a zuba ido. In RAM ta cika, ita za a ƙara. In faifai ne ke aiki ba hutu, a sauya shi. In ƙwaya ɗaya ce ke wahala saura na barci, to gyaran yana cikin rubutun umarni. Mai amfani da Python da ke bin layi ɗaya bayan ɗaya, in ya koyi miƙa wa NumPy lissafin a dunƙule, sau da yawa aikin awa yakan koma na mintoci, ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

Kada kuma mu manta inda muke zaune. A Kano da Sakkwato da Maiduguri zafin bazara yakan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka. Furosesa in ta yi zafi ainun takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone, sai ka biya kuɗin doki ka hau jaki. Gwajin awa shida kuma da aka ɗauke wuta a awa ta biyar ya tafi ke nan. Batir mai rai da inbata da share fanka sun fi ƙarin ƙwayoyi amfani a wurinmu. Mai babban aiki sau ɗaya a wata kuwa yana iya hayar kwamfuta ta intanet na 'yan awoyi.

Amma babban abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wannan: saurin gwaji yana sauƙaƙa wa mutum yaudarar kansa. A tara mutum 1,024, kowa ya jefa kwabo sau goma, ana sa ran ɗaya zai sami fuskar da aka zaɓa tun farko sau goma a jere. Wa zai ce gwani ne? Haka mai gwada dabara dubu goma a dare ɗaya, dole wata ta fito da riba mai ban mamaki don sa'a kawai. A 2014 David Bailey da abokan bincikensa sun nuna cewa mai bayanan shekara biyar, in ya gwada dabaru masu zaman kansu fiye da 45, yana iya samun wadda ta yi kyau a takarda alhali ba ta da wani amfani. Tarihi kuma ba ya ɗauke da abin da bai taɓa faruwa ba. Daga Satumba 2011 babban bankin Suwizalan ya hana yuro sauka ƙasa da faran 1.20, duk gwajin waɗannan shekaru ya nuna kasuwa lafiya lau. Ran 15 ga Janairu 2015 ya janye hannunsa, cikin mintoci 'yan kasuwa da dillalai suka durƙushe. Mu ma mun gani a Yuni 2023, da aka saki naira: dalar da hukuma ke sayarwa kusan naira 460 ta haura 700 kafin watan ya ƙare. A 2018 hukumar kula da kasuwannin kuɗi ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na asusun ƙananan masu cinikin caca da farashi hasara suke yi.

Wani zai ce, to sauri ba shi da amfani ke nan? Yana da shi, in an kashe shi wajen tuhumar dabara. A ɓoye shekara biyu na ƙarshe, kada a taɓa su sai an gama tsari. A sa la'adar dillali da tazarar farashin saye da na sayarwa cikin lissafi. A rubuta yawan gwajin da aka yi, har da waɗanda suka faɗi. Shawararmu dai ita ce a bi abin daki-daki: a gyara umarni, a ƙara RAM, a sa SSD, a tanadi wuta da sanyi, sa'an nan a yi maganar sabuwar furosesa. Kuɗin rajista kuwa a kai shi inda aka aiko shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.