Yaranmu Na Shiga Jarrabawar Littafin da Ba Su Taɓa Buɗewa Ba

Duk shekara, da zarar an ce jarrabawar kammala sakandare ta ƙarato, sai ka ga 'yan ajin ƙarshe masu ɗaukar darasin Adabin Turanci suna yawo da wasu 'yan siraran littattafai, ko takardun fotokwafi da suka sha hannu har gefensu ya naɗe. A ciki an taƙaita labari, an jera sunayen taurari, an lissafa jigogi ɗaya, biyu, uku, an kuma kawo amsoshin tambayoyin shekarun baya don a haddace. Shi kuwa ainihin littafin da za a yi jarrabawar a kansa, da yawa daga cikinsu ko bangonsa ba su taɓa gani ba. Wannan abu yana ƙona mini rai ƙwarai. Ha'inci ne muke yi wa yaran nan, kuma mu manya ne muka haɗa baki a kai: masu makarantu, malamai, iyaye da hukumomin ilimi.

Zan kafa hujjata da wani nau'in adabi da ya shafe shekara goma yana cikin jerin littattafan da hukumar WAEC ke tsara wa ɗaliban Najeriya, Gana, Saliyo, Laberiya da Gambiya. Shi ne wanda ake kira adabin Gotik, wato labaran ban tsoro masu tsofaffin gidaje, fatalwa, asirin da zuri'a ta binne, da zaluncin da ke tashi bayan an ɗauka ya mutu. Daga 2016 zuwa 2020, The Castle of Otranto na Horace Walpole na cikin littattafan zube biyu na wajen Afirka da aka ba makarantu su zaɓa. Wannan littafi ya fito a Ingila a 1764, kuma shi ake ɗauka a matsayin tushen wannan nau'i gaba ɗayansa. Daga 2021 zuwa 2025 aka sa Wuthering Heights na Emily Brontë, wanda ya fito a 1847. Jerin littattafai yana canzawa bayan shekara biyar, amma halinmu bai canza ba, kuma duk littafin da aka kawo haka za mu yi masa in ba mu gyara ba.

Uzurin da aka fi kawowa shi ne wai waɗannan labarai ba na al'adarmu ba ne, yaron Kano ko Katsina ba zai gane su ba, gara a tauna masa a ba shi. Duk wanda ya faɗi haka, ina zarginsa da cewa shi ma bai karanta ba. Ga abin da ke cikin littafin Walpole. Manfred mai mulkin Otranto ne a ƙasar Italiya, yana zaune a kan gadon sarautar da kakansa ya samu ta hanyar shayar da mai ita guba. Akwai wani hasashe da ke yawo cewa sarautar za ta kuɓuce wa gidansa, don haka yake gaggawar aurar da ɗansa tilo, Conrad, yaro marar lafiya, domin a samu magaji. Ranar ɗaurin aure wata ƙatuwar hular kwano ta yaƙi ta faɗo a farfajiyar fada ta murƙushe angon. Kafin a gama jimami, uban ya ƙudura sakin matarsa Hippolita, ya auri amaryar ɗan nasa, Isabella, ko tana so ko ba ta so. Yarinyar ta gudu ta wata hanyar ƙarƙashin ƙasa zuwa coci. A ƙarshe Manfred, cikin duhu da baƙin kishi, ya daɓa wa 'yarsa ta cikinsa Matilda wuƙa yana zaton Isabella ce, sarauta kuma ta koma hannun Theodore, saurayin da ake gani talaka ne alhali shi ne magajin gaskiya.

A cikin wannan labari wanne ne baƙo ga ɗan Bahaushe? Rikicin gadon sarauta? Namijin da ke wulaƙanta uwargida saboda neman ɗa namiji? Auren dole? Dukiyar da aka ci da zalunci ta dawo ta cinye jikoki? Mu ne fa muke cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Yaron da ya tashi yana jin tatsuniyar Dodo a bakin kakarsa, wanda aka hana shi bi ta gindin tsamiya da tsakar rana, wanda ya san kangon da kowa a unguwa ke kauce wa bayan magariba, wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya ga yadda mutum ke cuɗanya da aljanu, wannan yaron ya shigo aji da rabin fahimtar adabin Gotik a kansa. Malamin da ya san aikinsa daga nan zai fara. Amma sai mu rufe wannan ƙofa, mu miƙa masa takarda mai cewa jigo na farko kaza, jigo na biyu kaza, mu ce ya haddace.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, a duk nau'o'in adabi babu wanda taƙaitawa ke kashewa kamar wannan. Labarin ban tsoro a jikin mai karatu yake aiki. Ku ɗauki daren da Lockwood, baƙon da ya kama hayar gida, ya kwana a gidan da ake kira Wuthering Heights saboda dusar ƙanƙara ta tare masa hanya. An kai shi wani ɗaki da maigidan ba ya so a shiga. Ya ga sunan wata Catherine an kankare a jikin katakon taga, ya karanta abin da ta rubuta a gefen tsofaffin littattafai, barci ya ɗauke shi. Reshen bishiya na bugun taga, ya fasa gilashi ya miƙa hannu don ya kama shi, sai ya ji yatsun wani ƙaramin hannu mai sanyin ƙanƙara sun riƙe shi, muryar yarinya tana roƙon a bar ta ta shigo. Tsoro ya sa wannan mutum mai ji da wayewa ya goga wuyan hannun yarinyar a kan fasasshen gilashi har jini ya zuba. Da ihunsa ya tashi maigida Heathcliff, sai wannan mutum mai busasshiyar zuciya ya kori baƙon, ya buɗe taga yana kuka yana kiran matacciyar ta shigo. A takardar taƙaitawa duk wannan layi ɗaya ne: Lockwood ya yi mafarkin fatalwar Catherine. Ɗalibin da ya tsaya a wannan layi kamar wanda ya tsaya a ƙofar madafa ne ya shaƙi ƙanshin miya, aka ce masa ai ya ci. Bai ga yadda tsoro ke fito da muguntar mutumin kirki ba, bai ga raunin da ke cikin azzalumi ba, kuma waɗannan su ne abin da marubuciyar ta zauna ta gina.

Ba na musun cewa littattafan suna da wuya. Turancin Walpole na ƙarni na 18 ne, jimlolinsa dogaye. Wuthering Heights babi 34 ne, labarin kuma yana zuwa ta bakin mutum biyu: Lockwood yana ba mu abin da ya ji daga Nelly Dean, mai aikin gidan, wadda ita ma tana da waɗanda take so da waɗanda ba ta so. Catherine biyu ce, uwa da 'ya. Linton sunan zuri'a ne, kuma sunan wani yaro ne. Joseph, tsohon baran gidan, yana magana da karin harshen ƙauyen Yorkshire mai nauyin da ya sa Charlotte, yayar marubuciyar, ta sassauta shi a bugun 1850 don Turawan kudancin Ingila su gane. To ai saboda irin wannan wuyar aka ɗauki malami aiki. Da littafi zai karantar da kansa, da ba a gina aji ba. Malamin da ya ga wuya ya kewaye ta, ya shiga aji yana karanto wa yara taƙaitawar da wani ya rubuta suna kwafa, ya ci amanar albashinsa, ko da albashin bai taka kara ya karya ba.

Laifin bai tsaya kan malamai ba. Akwai makarantun kuɗi da ke karɓar kuɗin zango mai tsoka, da kuɗin ɗakin karatu a cikin lissafi, amma babu kofi ko goma na littafin da ke cikin manhaja. Akwai makarantun gwamnati da ake ɗora wa malamin da bai karanci adabi ba wannan darasi saboda babu wani. Akwai iyayen da za su sayi sabuwar waya da ɗinkin biki ba tare da ciniki ba, amma in yaro ya ce a saya masa littafi sai a ce ya ara wurin abokinsa. Abin haushi, waɗannan littattafai biyu sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, ana samun su kyauta a intanet, wayar da ke hannun yaro ta isa ta ɗauke su. Ashe ba talauci kaɗai ba ne. Rashin ɗaukar karatu da muhimmanci ne.

Daga haddar taƙaitawa zuwa satar amsa kuwa taku ɗaya ne. Yaron da aka koya wa cewa ana iya amsa tambaya kan littafin da ba a karanta ba, an riga an koya masa cewa sakamako ne abin nema, ko ta wace hanya. Shi ne gobe zai nemi a kai shi cibiyar da ake rubuta amsa a allo, ubansa kuma ya biya. Kada mu manta su wa ke ɗaukar wannan darasi. Mai son karanta aikin lauya a jami'a yana buƙatar kiredit a Adabin Turanci. Wato alƙalai da lauyoyin gobe muke horarwa su yanke hukunci kan abin da ba su karanta ba. In wannan bai tayar mana da hankali ba, ban san abin da zai tayar ba.

Kuma ko ta fuskar cin jarrabawar, wannan hanya asara ce. Takardar zube tambayoyin sharhi ce, ana so ɗalibi ya ɗauki matsayi ya kare shi da abin da ya faru a labarin. In aka ce ya tattauna rawar da abubuwan al'ajabi suka taka wajen faɗuwar Manfred, ko yadda ramuwar gayya ta lalata Heathcliff da na kusa da shi, mai hadda zai zubo labarin daga farko zuwa ƙarshe, ya cika shafi uku bai taɓa tambayar ba. Wanda ya karanta kuwa zai tuna yadda Heathcliff ya mai da Hareton, ɗan maƙiyinsa Hindley, jahili bara a gidan ubansa, da yadda ya kulle ƙaramar Catherine har sai da ta auri ɗansa mai jinya don dukiyar gidan iyayenta, Thrushcross Grange, ta faɗo hannunsa. Hujja ke kawo maki, hujja kuma a cikin littafi take.

Ku ɗalibai, ga abin da zan gaya muku, ko wane littafi ne a gabanku bana. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku fara karatu tun daga aji biyu na babbar sakandare, babi ɗaya a zama, da ƙamus a gefe. Karatun farko ku bi labari kawai, na biyu ku riƙe biro. Ku zana bishiyar zuri'a ku manna a bango, ku san wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wa ya gaji me, domin rabin rikicin irin waɗannan labarai a kan gado yake. A kowane babi ku tambayi kanku wa ke ba da labarin, kuma me zai sa a yarda da shi. Duk inda wani abin tsoro ya bayyana, hoton da ya motsa a bango ko fatalwa a taga, ku tambaya wane laifi ne aka ɓoye wanda wannan abu ya zo tonawa. Ku haɗu uku ko huɗu ku riƙa ba juna labarin babin da Hausa, ku yi gardama a kai, sannan kowa ya rubuta ra'ayinsa da Turanci. Bayan haka ne tambayoyin shekarun baya za su yi muku amfani: ku sa agogo, ku rufe littafi, ku amsa, ku kai wa malami ya duba. Taƙaitawa tana da gurbinta a makon ƙarshe, don tuna abin da aka riga aka karanta.

Ku malamai, ku karanta littafin da kuke koyarwa daga bango zuwa bango, ku ware lokaci a aji a riƙa karantawa a bayyane, ku bar yara su kawo tatsuniyoyin gidajensu su gwada da na Turawa. Ku masu makarantu da ma'aikatun ilimi na jihohi, ku ajiye kofin littattafan manhaja a inda yaro zai iya ara, ku kuma daina auna malami da yawan kiredit kaɗai ba tare da tambayar yadda aka same shi ba. Ku iyaye, yau da dare ku ce wa ɗanku ko 'yarku su kawo littafin adabin da za su yi jarrabawa a kansa, ku ce su ba ku labarin babi ɗaya. In babu littafin, ku saya kafin ku biya kuɗin darasin yamma. In akwai shi ba a buɗe ba, ku zaunar da su su buɗe. Takardar sakamako ba ta da wata daraja in babu karatu a bayanta, kuma Allah zai tambaye mu amanar yaran nan.