Wace Tambaya Gwamnati Take Yi wa Unguwa?

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu mun san zafin biyan haya wata-wata, mun kuma san cewa ba kasafai talaka yake mallakar gida ba sai da bashi. Banki kuwa ba ya sakin kuɗinsa sai ya ga wanda zai tsaya wa mai karɓa. A ƙasar Amurka gwamnati ce ta ɗauki wannan nauyi tun shekarar 1934, lokacin da ta kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya, wadda ake kira FHA a taƙaice. Ita hukumar ba ta ba da rance. Aikinta shi ne ta yi wa banki lamuni, wato inshora, cewa idan mai gida ko mai gina rukunin gidaje ya kāsa biya, ita za ta biya. Kafin wannan lokaci mutum yakan ajiye wajen rabin kuɗin gida, ya biya sauran cikin shekara 5 ko makamancin haka. Da zuwan hukumar sai ya zama ana iya ranta masa kashi 80 cikin 100, ya biya a hankali har shekara 20.

Wanda zai tsaya wa bashi dole ya duba inda za a yi ginin. Ba mu ga laifi a nan ba. Abin da muke so mu bincika shi ne irin tambayar da aka riƙa yi wa unguwa.

A littafin ƙa'idojin da hukumar ta ba ma'aikatanta a shekarar 1938, an raba maki 100 ga abubuwa 8. Ɗorewar arzikin unguwa ta sami 40. Kāriya daga abin da suka ɗauka mugun tasiri ne ta sami 20, a cikin wannan kuwa har da shigowar mutanen wata launin fata. Ruwa da wuta da magudanai da sauran abubuwan biyan bukata, maki 5 kacal. Ku duba wannan rabo da kyau. Ashe launin maƙwabci ya fi ruwan sha nauyi a kan ma'aunin. A shekarun nan ne kuma wata hukumar gwamnati, HOLC, ta zana taswirar birane fiye da 200, ta shafa wa unguwannin da ta ce masu haɗari ne jan launi, kuma kusan duk inda baƙaƙen fata suke zaune ja ya samu. FHA ita ma da irin wannan ido ta riƙa auna nata.

A birnin Detroit, wani mai gina gidaje ya nemi lamuni domin ya gina wa fararen fata rukunin gidaje kusa da titin Eight Mile. Aka hana shi, domin akwai baƙaƙen fata a gefen filin. A shekarar 1941 sai aka tā da katanga ta siminti, tsayinta ƙafa 6, tsawonta wajen rabin mil, tsakanin unguwannin biyu. Nan da nan lamuni ya fito. Ƙasar ba ta sāke ba, ruwan bai sāke ba, titin yana nan yadda yake. Maƙwabta kaɗai aka ɓoye. Har yau akwai ɓangaren katangar a tsaye.

Wani zai ce ai hukumar kuɗin jama'a take tsarewa. To, amma ita ce ta haifi haɗarin da take gudu. Unguwar da aka hana wa lamuni, banki ya guje ta, mai gida ba shi da inda zai ranci kuɗin gyaran rufi, gidaje su lalace, daraja ta faɗi, sa'an nan ma'aikaci ya dawo ya ce, ai dā ma mun faɗa. A Shikago, baƙaƙen fata da suka rasa bashin banki sun riƙa sayen gida a hannun 'yan kasuwa bisa yarjejeniyar da ta ce idan ka tsallake biyan wata ɗaya, a kore ka, duk abin da ka biya ya tafi ke nan. A kan maganar gidaje ne Fasto Martin Luther King ya jagoranci jerin gwano a wannan birni a shekarar 1966, har aka jefe shi da dutse a kā. An kashe shi ranar 4 ga Afrilu, 1968, bayan mako guda kuma aka sa hannu a dokar da ta haramta nuna bambanci wajen sayarwa da hayar gidaje.

Amma fa kada mu yi saurin cewa maganin shi ne gwamnati ta rufe ido ga unguwa gaba ɗaya. An gwada wannan. Daga 1968 aka buɗe ƙofar lamuni ga tsofaffin unguwanni ba tare da sa ido sosai ba. Dillalai suka riƙa sayen ruɓaɓɓun gidaje da arha, su shafa fenti, su sayar wa matalauta da tsada, banki kuwa hankalinsa kwance tun da gwamnati ce za ta biya. A Detroit ɗin nan dubban gidaje suka koma hannun gwamnati kango.

A ganinmu hanyar da ta fi dacewa ta fito ne daga Filadelfiya, sunan nan da muka saba ji a littafin Ru'ya ta Yohanna, ko da yake wannan ta Amurka ce. A unguwar East Poplar an yi wa mazauna alkawarin gidaje irin waɗanda iyali za su saya su mallaka. Daga baya aka sauya shirin ya zama benen haya na masu ƙaramin ƙarfi, Ma'aikatar Gidaje da Raya Birane kuwa ta amince da lamunin ba tare da ta duba abin da hakan zai jawo ba. Mazauna, baƙaƙe da farare tare, suka kai ƙara. A watan Disamba 1970, a shari'ar da aka sani da sunan Shannon, kotun ɗaukaka ƙara ta ce ma'aikatar ba ta da ikon kawar da kai. Wajibi ne ta sami tsayayyar hanyar auna ko ginin zai ƙara cunkusa matalauta da mutanen launi ɗaya a wuri ɗaya, kafin ta sa hannu.

Ku lura, a 1938 da 1970 duka an duba launin fatar mazauna. A na farko an duba ne domin a san wanda za a guje wa. A na biyu domin a san wanda ginin zai cuta. Mu muna tare da na biyu, ko da yake ba mu ce ba shi da wahala. Idan aka hana gini a unguwar matalauta domin gudun cunkoso, unguwar masu hali kuma ta ƙi karɓarsa, iyalin da suke kwana su 8 a ɗaki ɗaya su ne za su ci gaba da jira. Saboda haka idan hukuma ta ce a'a ga wani fili, a wuyanta yake ta nuna wani filin, mai ruwa da makaranta da motar zuwa aiki, ta kuma zauna da mazauna tun kafin a sauya shirin da aka yi musu alkawari a kansa.